Azariya Kumai, Wanda Aka Ɗaure wa Jita da Jan Ƙyalle

Kullum da yamma, in ya rufe rumfarsa ta gyaran keke kusa da tashar jirgi, Azariya Kumai yakan wanke hannu da kalanzir, ya jona jitarsa da wata sifika da aka ɗaure da roba, ya hau kiɗa. Kiɗan rok na Turawa ne zalla, irin wanda ya koya a kaset tun yana saurayi. Ba ya ihu, ba ya kiran sunan kowa. Rabin Kafanchan da kiɗansa suka yi aure, har da mai wannan rubutu, wanda matarsa ke cewa jitar ce ta ruɗe ta.

A wani biki a Fadan Kagoma, wani kansila ya tsaya ƙiƙam a gabansa yana jira a ambace shi. Azariya ya matsa gefe. Ya ɗauka hanya mutumin yake nema.

Bana yatsunsa suka fara ƙin lanƙwasawa, likita ya ce a ajiye jita. Abu ɗaya Azariya ya roƙa: a bar shi ya kaɗa wa jama'a na ƙarshe. Sai masoya suka kafa kwamitin shirya masa bikin karramawa.

Ranar bikin aka zuba masa babbar riga, aka kai shi zauren taro, aka dasa shi a babban tebur tsakanin fasto da ciyaman. Jitar kuwa aka ɗaure ta da jan ƙyalle, aka jingina ta kusa da kek. Wani mai gabatarwa, Jason, da aka ɗauko daga Kaduna, yana ta ihu: "Sarkin jita na duk Afirka! Ku ba shi tafi!"

Azariya ya waiwaya baya don ya ga wa ake nufi.

"Baban Jacinta, zauna daidai," in ji matarsa Milka. "Yau kai babban baƙo ne."

"Milka, ni fa kiɗa na roƙa."

"Yana cikin tsari. Bayan jawabin godiya."

Rana tana faɗuwa za a rufe zauren, ciyaman kuwa bai ma gama gaisuwa ba. Azariya ya dubi yatsunsa a ƙarƙashin tebur, ya murza su. Milka ta gani. Ta miƙe, ta ɗauki wuƙar kek, ta yanke ƙyallen, ta rungumi jitar kamar jika ta fice.

"Fasto, zan ɗan zaga," in ji Azariya.

Can sai ga kiɗa daga gindin mangwaro a waje. Yatsun suna tuntuɓe nan da can, amma bugun bai kauce ba. Matan coci suka fara sulalewa, sai dattawa, sai fasto, wai zai je ya tsawatar. Aka bar Jason yana neman tafi a wurin kujeru.

Baba Azariya, kai ne ka nuna mana kiɗa mai kyau ba ya bukatar ɗan rakiya. Mun gode, Ubangiji ya sa wa yatsun nan albarka. Samari masu jita, ku je rumfarsa ku zauna ku saurara. In ya ga dama ya nuna muku. Amma kada wanda ya kira shi sarki, zai sake waiwayawa.