Anti Sai-Jibi ta Ɗakin Wankin Ƙoda

Kafin babbar nas ta iso, Anti ta riga ta gama da ƙasa. Ta share, ta goge da maganin nan mai sa hanci ƙaiƙayi, ta sauya zannuwan gadaje takwas, ta kwashe shara, ta buɗe tagar nan mai cijewa wadda ita kaɗai ta san lagonta. Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan aiki a ɗakin wankin ƙoda na asibitinmu, kuma makon jiya ta yi ritaya. A takardar aikinta an rubuta mai shara. Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba, sai dai da gani bai taɓa leƙa ɗakin da ƙarfe goma na safe ba.

Wanda bai taɓa rakiyar mai ciwon ƙoda ba, bari in gaya masa yadda abin yake. Mutum zai kwanta a soka masa allura biyu a hannu, inji ya ja jininsa ya tace ya mayar, awa huɗu cur, ba tashi ba juyi. Ya koma gida ya huta kwana ɗaya, jibi ya dawo. Zafin allurar da sauƙi. Zaman ne ke cin rai, mutum ya yi ta kallon silin har ya haddace tabon da ke jikinsa.

To, da ƙarfe goma Anti take samun hutun rabin awa. Sai ta cire safar hannu, ta wanke hannu, ta jawo kujera tsakiyar ɗaki, ta zaro littafi daga aljihun rigar aiki. Littafin soyayya ne kullum, ko irin na almarar nan masu sauƙi inda kogi ke magana, budurwa ta auri ɗan sarkin tsuntsaye. Da can ita kaɗai take karatunta a lungu. Wata rana dariya ta ƙwace mata, wata mara lafiya ta ɗago kai ta ce, "Anti, ki yi dariyar nan da mu mana." Shi ke nan, aiki ya same ta.

Karatun Anti ba na kowa ba ne. Tana da muryar saurayi, tana da ta budurwa, tana da ta uwar miji wadda nas-nas ke roƙon ta maimaita. Amma abin da ya ba ta suna shi ne mugun halinta na yanke labari. Sai an kai daidai inda saurayi ya buɗe baki zai faɗi abin da ake jira tun babi na uku, sai ta rufe littafi ta ce, "Sai jibi." Ɗaki ya kaure. Mutanen da ba sa iya ɗaga hannu su yi ta yi mata Allah-ya-isa cikin dariya. Ita kuwa ta ɗauki bokitinta ko a jikinta.

Shekara shida da suka wuce aka kawo Baba Direba, dattijon da ya yi shekara arba'in yana jan babbar mota. Wata uku ya jure, sannan ya ce ya gaji. "Da ni nake tuƙa inji," in ji shi, "yanzu inji ke tuƙa ni. Wannan makon ne na ƙarshe." Likita ya gaya masa a fili cewa in ya daina zuwa, sauran kwanakinsa ba za su yi yawa ba. Ya ce ya ji, ya kuma gode. 'Yarsa da ke kawo shi ta fita baranda ta tsuguna kusa da bokitin Anti tana kuka.

Anti ba ta iya wa'azi ba, ba ta kuma gwada ba. Ranar da ya ce ita ce ta ƙarshe, ta jawo kujerarta har gefen gadonsa ta buɗe sabon littafi, labarin wata budurwa mai ɗinkin takalma da saurayin da aka kulle cikin madubi, ba ya iya fitowa sai ana ruwan sama. Baba ya juya wa ɗaki baya. A shafi na uku ya yi tsaki.

"Shirme! Ƙato guda a cikin madubi? Ya fasa ya fito mana."

"In ya fasa, shi ma fashewa zai yi, Baba," in ji Anti, ta ci gaba.

Hadari ya haɗo a cikin labari, budurwa ta ɗauko madubi ta ruga waje, ɗigon farko ya sauka a kan gilashi. Anti ta rufe littafi.

Baba ya juyo. "Ya fito ko bai fito ba?"

"Sai jibi."

"Ke mai tsintsiya, jibi ba na nan."

"Ayya. To, sai in gaya wa maƙwabtanka."

Jibi sai ga shi, ya sha hula, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa ya zo ne kawai ya ga iyakar shirmen.

Matsalar ita ce littafin siriri ne, babi ashirin kacal. Anti ta ja shi iya ja, tana rage gudu, tana tsayawa gyaran tabarau, amma shafuka suna ƙarewa. Ga Baba kuma bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce mata, "Ranar da aka ɗaura auren yaran nan, ni ma na kashe mota." Da wasa ya faɗa, amma Anti ta daɗe a ɗakin nan, ta san wasan da ba wasa ba ne. Ta tsorata ƙwarai.

Ranar babi na ashirin, ga ɗaurin aure a rubuce a gabanta. Ta kalli shafin, ta kalli hannun Baba da tiyo biyu a jiki, sai ta ji bakinta ya ce, "Da gari ya waye, aka nemi madubi aka rasa. Ɓarawo ya shigo." Ɗaki ya ɗauki salati. Babu wannan magana a littafin, ko harafi ɗaya.

Daga ranar Anti ta zama marubuciya ba takarda ba biro. Tana goge ƙasa tana ƙulla babin jibi a kai, in ta zauna ta riƙa juya shafukan da ta riga ta wuce. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Ta taɓa jefa kawun budurwa a rijiya, bayan mako biyu ta manta ta dawo da shi yana cin abinci.

"Tsaya," in ji Baba. "Ba kawun nan ne ya faɗa rijiya ba?"

"Ya fito, Baba. Littafin almara ne."

Da dabara ta ƙare mata, ta sako direban babbar mota cikin labarin, shi zai kai budurwa neman madubi. Nan fa Baba ya samu abin yi. "Wa ke hawa tudu da wannan giya? Marubucin nan bai taɓa riƙe sitiyari ba!" Ya shafe sauran awannin yana koya wa ɗaki yadda ake saukowa gangare da kaya, har mai gado na kusa ya roƙe shi ya bari sai jibi.

Wata huɗu ana neman madubin nan. Kafin a same shi, Baba ya san sunan jikokin kowa a ɗakin, yana faɗa da nas in an makara sa masa allura, maganar dainawa kuwa ta bi iska. Sai da Anti ta tabbatar da haka sannan ta bari aka ɗaura aure. Ba ta gaya wa kowa abin da ta yi ba, ta ɗauka ta sha.

Ranar ritayarta aka yi ɗan taro a ɗakin, marasa lafiya na kwance inji na aiki, babbar nas ta yi jawabi. Sai Baba Direba ya yi wa 'yarsa alama, ta zaro littafi daga jaka, irin wancan na madubi sak.

"Ƙanwata," ya ce wa Anti, "zo ki nuna min shafin da aka sace madubi."

Anti ta yi tsaye da kofin shayi a hannu, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Satin da aka sace shi na kasa haƙuri," in ji Baba. "Na sa yarinyar nan ta nemo min littafin ta karanta min a gida. Babi ashirin ne, an yi biki lafiya, ba ɓarawo ba direba."

"To, Baba, me ya hana ka tona ni?"

"Ina zan tona ki? Na ga baiwar Allah tana zufa tana ƙirƙiro ɓarawo don kada in mutu. Sai na ji kunyar mutuwa."

Aka yi dariya, aka yi hawaye, babbar nas ta fake da duba inji. Ni ma da nake tsaye a bakin ƙofa ban tsira ba.

Anti, ke ce mai tsintsiya da littafi, gwanar yanke zance a inda ya fi daɗi. Ke ce kika gane cewa mai ciwo yana buƙatar abin da zai jira banda allura. Mutane da yawa suna raina littattafan nan, suna cewa na marasa aikin yi ne. Ke kin sa su a aljihu kin shiga da su inda ake fama, kin sa mutum takwas suna gardama a kan ko saurayi zai faɗi gaskiya, sun manta da jininsu da ke zagaya a cikin tiyo. Mun gode, Anti. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa idanunki haske, ya sa ki karanta littattafanki har ƙarshe ba mai katse ki.

Sauran mu kuma, ba sai mun zama likitoci ba. Duk mai murya da rabin awa yana da wani a kusa da shi wanda zama ya ishe shi, ko a asibiti ko a ɗakin baya na gidansu. Ya ɗauki littafi mai daɗi ya je ya zauna, in ya so ya koyi rufe shi a inda ya dace. Wata malamar makaranta da ke rakiyar mijinta ta riga ta karɓi karatun ƙarfe goma, ko da yake an ce muryar uwar miji da take kwaikwayo ba ta kai ta Anti ba tukuna.

Baba Direba kuwa yana da wankin ƙoda gobe da safe. 'Yarsa ta ce tun yau ya sa an goge masa takalmi.