Katakon Amana a Soronmu

Shekaranjiya masu gyaran titi suka narka kwalta a wajen Ƙofar Wambai, warin ya cika motar da nake ciki. Kowa ya toshe hanci. Ni kuwa sai na gan ni a soron gidanmu na Jakara, ina 'yar yarinya, zaune a kan wani baƙin gungume ina kaɗa ƙafa. Ku yi haƙuri da tsohuwa, sai na ba ku labarin gungumen nan.

Kakana na wajen uba kafinta ne, ƙofofi yake yi da akwatunan aure. Yana da aboki mutumin Gabas, mai sayar da katako a Sabon Gari, wanda Hausa ta zauna daram a bakinsa. Shi ke kawo masa filawud, faffaɗan katakon nan mai santsi da ake ɗaukowa daga Kudu a jirgin ƙasa. In ya zo, sai su baje a tabarma su yi ta musu, kai ka ce faɗa suke yi, alhali goro ɗaya suke rabawa.

Shekarar da gari ya rikice, gab da yaƙin basasa, wata safiya sai ga amalanke a ƙofar gida shaƙe da filawud. Mutumin ko zama bai yi ba. Ya ce, "Malam, ga kayana. In da rabon in dawo, to." Kakana ya riƙe hannunsa ya ce, "Amana ce. Allah ya kai ka lafiya." Aka jera kayan a soro, shi kuma ya nufi tashar jirgi da iyalinsa.

Soron ƙasa ne, rufin azara. Damina ta farko ta wuce lafiya, a ta biyu rufin ya fara yoyo. Wata rana kakana ya ɗaga fallayen sama, ya tarar gara ta shimfiɗa hanyoyinta a na ƙasa, wasu kuma danshi ya sa sun fara ɓarewa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Tuwon rana ma dawo da shi aka yi.

Babana ya ce a sayar a ajiye kuɗin, tunda filawud ya yi wuya, jiragen ƙasa duk sojoji suke ɗauka. Kakana ya ƙi. Ba a daɗe da canja kuɗi ba, ya ga yadda takarda ke kwana da daraja ta wayi gari ba ta sayen ko gishiri. Ya ce, "Katako ya ba ni, katako zai tarar."

Sai ya tuna da gumagumen da ake shimfiɗa layin dogo a kansu. Sun sha baƙin mai mai warin kwalta har ciki, gara ba ta kusantarsu. Akwai wani ɗan kwangila da ya sayi tsofaffinsu da yawa, yana kuma neman filawud ido rufe, ya yarda a yi musaya. Abin da ya rage shi ne: falle nawa ne gungume ɗaya? Wannan faffaɗa ne siriri, wancan dunƙulalle. Kakana ya yi ta zagaye su da ma'auni yana tsaki. Kakata, wadda ba ta raga masa, ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, curin tuwo, da ka dunƙule shi da ka baje shi, ai shi ne dai."

Sai ya aike ni in ɗebo gawayi a murhu. Ya auna faɗin gungume, ya ja layi-layi a kan falle da wannan faɗin, ya ƙirga tsagin da za a samu in an yanka, ya haɗa kaurinsu kamar an ɗora wani kan wani. Falle mai kauri ya tashi kusan gungume guda, sirara kuwa sai an haɗa uku. Fallayen da gara ta ci ya lissafa su a matsayin lafiyayyu, ya cike giɓin da guminsa. Ya kuma ƙara gungume ɗaya saboda hujojin ƙusa da ke jikinsu. Babana ya ce, "Baba, har huji sai ka biya?" Ya ce, "Huji ba katako ba ne."

Yaƙi ya ƙare. Mutanen Gabas suka fara dawowa, ramammu, suna neman gidajensu da rumfunansu. Kakana ya riƙa saka babbar rigarsa yana zuwa Sabon Gari cigiyar abokinsa. Wani ya ce ya gan shi a farkon yaƙi, wani ya ce bai san shi ba. In ya dawo, sai ya share gumagumen da tsintsiya ya zauna kusa da su. Tausayinsa nake ji. Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa ya shaida musu cewa abin da ke soro ba ya cikin gado.

Bara aka sayar da gidan, mai saye zai rushe ya yi shaguna. Unguwar duk ta koma haka, soraye sun zama kantuna, kafintocin yanzu kuma garin katako da aka matse suke aiki da shi, wanda ko damina ɗaya ba ya jurewa. Ɗan ƙanena ya ce masu kujeru suna son tsohon katako, a sallama musu gumagumen a huta. Ban ga laifinsa ba, bai ga ranar da aka kawo kayan ba. Na sa aka kwaso su zuwa gidana a Kabuga, aka jera a gindin katanga.

Na kira babbar 'yata na damƙa mata su, na ce na mutane ne. Ta ce, "To Hajiya, in an zo nema, wa za a ce? Yaya sunansa?" Na buɗe baki, sai na ga ban taɓa sani ba. Waɗanda suka sani kuwa duk suna ƙasa.