Na Zana Jaki, Gari Ya Ga Surukina

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. A lokacin da abin nan ya same ni, ni sabon magidanci ne, ina da ƴar rumfa kusa da tashar Matamaye inda nake rubuta allunan shaguna da zanen bayan motoci. In kun taɓa ganin allon mai aski da kawuna a jere, ko na mai gasa kaji da zakara ya buɗe fiffike, a garin nan, to da wuya in ba hannuna ba ne. Ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, mushe malaminmu yake zane ni da bulala don na cika kaye, littafin rubutuna, da hoton awaki, kuma har yau ban ga wanda ya fi ni kama tsayuwar mutum a takarda ba, daga nan har Kance. Ku yi haƙuri da yabon kai, sai da shi za ku gane yadda na shiga uku.

Wata ƙungiya mai buga littattafan karatu na Hausa don yaran lakwal ce ta zo neman mai zane. Labaran na dabbobi ne masu zama irin na mutane, suna tafiya da ƙafa biyu, suna sa tufafi: akwai akuya mai tuyar ƙosai, da zakara ɗan kabu-kabu, da kura mai tsananin kwaɗayi, sai wani tsohon jaki wanda duk rigimar gari wurinsa ake kai ta. Madam ɗin da ke riƙe da aikin ta ce mini ba ni kaɗai zan zana littattafan ba, akwai wasu masu zane a Damagaram da Yamai, don haka abin da suke so a wurina shi ne takardar siffa. Wato kowace dabba in zana ta a babbar takarda ta gaba, ta gefe da ta baya, in nuna tsawonta a kusa da sauran, da irin rigarta, da yadda kofato zai riƙe ludayi. Sannan in jera yadda take zama, da durƙuso, da gaisuwa, da dariya, da fushi, yadda duk wanda ya ɗauki takardar a wani gari zai fitar da akuyar nan ita ɗin dai, ba ƴar uwarta ba. Wallahi da na ji haka sai kaina ya yi girma. Ashe ni zan haife su, wasu su yi reno.

Na yi aikin nan da zuciya ɗaya. Ranar kasuwa nakan tafi kara, wurin da ake sayar da dabbobi, in tsuguna ina kallon haƙarƙarin jaki da yadda kunnensa ke juyawa, har dillalai suka fara tambayata ko saye zan yi ko dai aljanu ne. Wahalar aikin kuwa ba fuska ba ce, jiki ne. Ka tsayar da akuya da ƙafa biyu ka ɗaura mata zane, in ba ka san inda nauyinta zai sauka ba, sai ta zama kamar buhu a kan turmi. Don haka motsi a wurin mutane nake ɗaukarsa, amma da dabara: tsugunon mai shayi, kafaɗar wani direba, hannun wata mai fura, in gauraya su yadda ba wanda zai ce nasa ne. Haka na yi wa kowa. Da na zo kan bayan tsohon jaki kuwa, ban kalli kowa ba, ban ma tsaya tunani ba. Ina son bayan dattijo mai nutsuwa, hannuna ya tafi da kansa, ya fitar da shi tsaf. Na ɗaga takardar na ce kai, wannan ya fi duka kyau.

A nan ne zan gaya muku wane ne surukina. Baba, kamar yadda nake kiransa, manomin rake ne, yana da garka, wato lambu, a hanyar Tsauni, mutum ne marar hayaniya da ko yaro ba ya ɗaga wa murya. Kun dai san yadda muke da surukai. In na hango shi tafe sai in saki hanya in shiga wani lungu. In gaisuwa ta kama, daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa, ba na ɗagowa sai ya juya ya tafi. To ku duba mini, wane ɓangare na jikinsa na sani? Da za a ce in faɗi yadda hancinsa yake, wallahi sai in yi ƙarya. Amma bayansa, tabɗi! Na san kafaɗar dama ta ɗan sauka saboda ɗaukar rake, na san yadda yake haɗa hannuwa a baya, yatsa ɗaya na motsi, na san hular da yake turawa ƙeya, da dunduniyar da ke take bayan takalmi. Abin da na ɗora wa jakin ke nan, ba tare da na sani ba. Matata da za ta gane da kallo ɗaya kuwa ba ta nan, ta tafi gidansu goyon ciki na fari.

Littafin ya fito ana cikin hidimar sunan ɗanmu. Aka raba shi a lakwal-lakwal, Madam ta kira ni a waya tana murna, ta ce masu zanen Yamai sun ce ba su taɓa samun takardar siffa mai sauƙin bi irin tawa ba. Ina ta hura hanci a gari. Ashe a shafin ƙarshe na kowane labari, bayan tsohon jaki ya gama sasanta rigima, ana nuna shi ta baya yana tafiya gida. Yaran unguwarsu Baba suka buɗe, suka kalli juna, shi ke nan. Hanyarsa ta zuwa garka ta bakin lakwal take bi. Ya zo wucewa da safe, wani ya yi kukan jaki daga bayan katanga, saura suka amsa. Wai bai waiwaya ba. Kashegari ma haka. Har manya suka ji, ana miƙa wa juna littafin a teburin mai shayi ana ƙyaƙyatawa, ni kuma ana dafa kafaɗata ana cewa lallai na iya, amma ba ni da ta ido.

Ranar da na buɗe shafin da idon mutanen gari, sai na ga abin da suka gani. Shi ne. Ba kama ba ce, shi ne da kunnuwa da wutsiya. Kafin in san abin yi, saƙo ya iso ta bakin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ya nema mini auren tun farko. Baba ya ce in matata ta gama wankan jego ba za ta komo ba, ba zai mayar da ƴarsa gidan wanda ya mai da shi abin dariyar yara ba. Wayyo Allah. Yaron nan sau nawa ma na ɗauke shi? Na tura wa matata saƙo ta hannun ƙawarta, amsar da ta dawo ta fi mari zafi. Ta ce ba ta fushi da ni don tana ganin na yi da gangan, tana fushi ne don ta ga ubanta ya zauna a zaure bai taɓa tuwonsa ba.

Shawara kam na sha ta. Abokaina suka ce in rantse cewa dace ne kawai, ai dattawa duk haka suke tafiya. Madam ta ce littattafai sun riga sun bazu, ba yadda za a tattaro su, kuma ita ba ta ga abin tashin hankali ba tunda jakin nan shi ne mai hankalin labarin. Na ce mata Madam, a garinku ban sani ba, amma a nan ko alƙali ka naɗa jaki, jaki ne. Maganar rantsuwa kuwa na ƙi. Ta yaya zan rantse a kan abin da makaho ma in ya shafa zai gane? Kuma, in faɗi gaskiya, akwai girman kai a ciki: ba zan iya buɗe baki in ce hannuna ya yi kuskure ba, alhali daidai ya yi, daidai ɗin ce ma ta ja mini.

Kawu ya ce in naɗe takardar siffar in biyo shi. Muka iske Baba a garka bayan la'asar, yana zaune a gindin mangwaro. Na durƙusa can nesa. Bai amsa gaisuwata ba, da kawu yake magana kamar ba na wurin. Ya ce ya ba yaron nan ƴarsa bai tsawwala masa komai ba, bai taɓa aika masa magana marar daɗi ba, to a tambayar masa, me ya yi masa? Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na gaya wa kawu, shi kuma ya maimaita, cewa ba zan musa ba, bayan Baba ne, amma Allah ne shaidata ban san na zana shi ba. Na ce an ce in zana bayan dattijon da gari ke kai wa ƙara, na laluba cikin kaina, ashe ba wani baya a ciki sai nasa, don shi kaɗai na daɗe ina kallo yana tafiya. Baba ya ce wannan magana ce mai daɗi, amma ba ta hana yara kuka a bayan katanga. Sannan ya ce a ba shi abin ya gani, don shi littafin ma ya ƙi buɗewa.

Kawu ya shimfiɗa masa takardar a kan tabarma. Ina jin ƙarar takarda, idona a ƙasa. Can sai na ji Baba ya kira kawu da sunansa, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce ya matso ya rufe kunnuwan nan da tafinsa. Kawu ya rufe. Baba ya ce to ya duba da kyau, wannan ai ba shi ba ne, mahaifinsa ne, duk ranar da zai tafi garka haka yake haɗa hannu, haka kafaɗarsa take. Kawu, wanda ya san marigayin tun yana yaro, ya yi salati ya ce wallahi shi ne. Baba ya ce shi bai taɓa ganin bayansa ba, ina zai gani? Bai san ya koma tsohonsa ba sai yau. Mahaifin nasa ya rasu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Na ji yana jan hanci, ni ma hawaye suka zubo mini a kan ƙasar da nake kallo.

Ba a nan take ya yafe ba, kada ku ɗauka tatsuniya nake ba ku. Ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, in sake wa jakin baya, in aika wa duk masu zanen, kada a ƙara buga na da. Na biyu, in zana masa wannan bayan a mutum, ba kunne ba wutsiya, yana tafiya tsakanin rake. Na farkon sai da na yi ta kai-komo da Madam, har na ce in ba a canza ba a cire hannuna daga aikin gaba ɗaya, kafin ta yarda. Na biyun kuwa ban taɓa zuba ƙwarewata a wani abu kamar shi ba. Kawu ya kai masa, kuma kafin sati ya zagayo aka rako matata da yaro a goye, da ƙunshin rake a bayansu.

Yau takarduna ake bi a garuruwan da ban taɓa takawa ba, yara sun san akuyata da zakarana kamar maƙwabtansu, kuma ina alfahari da hakan, ba na jin kunyar faɗa. Sai dai tsofaffin littattafan suna nan a hannun mutane, kuma har gobe Baba ba ya bin bakin lakwal, zagaye yake yi ta bayan gari da tsufansa. Wannan ni na ja masa, kuma ba zanen da zai gyara shi.

Don haka ku ƴan uwana masu zane, musamman matasan da ke koyo a waya yanzu, ku ji daga wanda ya ɗanɗana. Hannu yana ajiye abin da ido ya gani ko ba ka aike shi ba, kuma mutanen da ka fi girmamawa su ya fi ajiyewa. Ni yanzu in na gama takardar siffa, sai na kai ta teburin mai shayi, in rufe kan dabbar da tafina in tambaya wa suka gani. In wani ya fara murmushi zai ambaci suna, a nan nake yaga ta, kuma na yaga masu kyau da yawa. Wanda ya fi su duka kyau yana rataye a ɗakin Baba. Matata ta ce wani lokaci takan iske shi tsaye a gabansa yana yi wa tsohonsa addu'a. Ni dai tun da na miƙa wa kawu ban sake ganin zanen ba, don ba ni da ƙafar shiga ɗakin surukina.