Shekarar da Habbar Ta Ƙi Zuwa

Akwai abin da ya faru da wani abokin zamana a Dubai wanda ko ƙasa ta kusa rufe idona ba na jin zai fita daga raina. A lokacin ina tuƙa motar sanyi, ina ɗaukar kifi daga kasuwar Deira zuwa otal-otal. Ɗaki ɗaya muke kwana a Satwa da wani dattijo ɗan zangon Kumasi. Aikin gadi yake yi a wani bene, ya daɗe a wurin, bizarsa ba ta taɓa ba shi matsala ba.

A shekarar nan habbar ta cika kasuwa. Wata halittar teku ce mai santsi, ba ƙaya ba ƙashi, ga hannaye barkatai, in an taɓa ta sai ta feso baƙin ruwa kamar tawadar allo. Ni dai Bakano ne, ko kyauta aka ba ni ba na ci. Amma otal-otal rububinta suke yi, har masu fiɗarta suka yi kaɗan. Wani mai rumfa a kasuwar ya yi wa dattijon tayin aikin fiɗa, da sabuwar biza a ƙarƙashinsa.

Kafin ya amsa, na kai shi wurin wani tsohon mai jirgin kamun kifi da na saba da shi. Tsohon ya tsaga cikin wata habbar, ya nuna mana ƙwai maƙil. Ya ce abar nan shekara guda take yi a duniya, in ta zuba ƙwai sai ta mutu. Wadda za a kama baɗi tana cikin wadda ake kamawa bana, kuma ga shi kowa yana kwasa.

Dattijon ya yi dariya a hanyarmu ta komawa. "Ƙanena, masunta kullum kuka suke. Babana kiwon shanu ya yi. In ciwo ya kashe maruƙa, ba iyayen suna nan ba? Baɗi su sake haihuwa, shi ke nan!"

"Yaya, ya ce wannan ba ta barin uwa a baya."

"Teku guda? Wa zai iya cinye teku?"

Ban ga laifinsa ba, don ni ma da lissafin garke na tashi. Ya ajiye gadi, ya ɗauki wuƙa. Wata da watanni yana dawowa da baƙin farce yana waƙa, yana kiran 'ya'yansa a waya yana nuna musu tulin habbar.

Da shekara ta kewayo, shiru, babu habbar. Wasu suka ce ruwa ne ya yi zafi ƙwai suka lalace, wasu suka ce kamun bara ne ya yi yawa. Wata safiya na shiga rumfarsu na tarar da shi zaune a kan bokiti, yana wasa wuƙar da ba abin da za ta yanka. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ƙanena, ashe gaskiya ne." Mai rumfa ya ƙi sabunta masa biza, gadin da ya bari kuma tuni an ba wani yaro. Ni na kai shi filin jirgi ranar da zai koma gida. A mota ina tuƙi ina goge hawaye da bayan hannu.

Abin da ya fi ci mini rai, bayan shekara biyu habbar ta dawo, har ana neman masu fiɗa. Na kira lambarsa don in gaya masa, ɗansa ne ya ɗauka. Ya ce tun watan azumi aka yi jana'izarsa.

Tun daga ranar na daina auna abin baƙuwar ƙasa da mudun gidanmu. Na kuma gane cewa teku tana iya yin fushi ta huce, amma ɗan ci-rani ba shi da shekarar da zai zauna jiranta.