Yatsan Inna Hajo

Jama'a, yau na yi uwa a Tawa, kuma ban san gidanta ba!

Kwanana tara da zuwa daga Damagaram, sabon malamin lakkol, makarantar boko, ban san kowa ba. Masassara ta kama ni. Na lallaɓa biro, ofishin gwamnati, neman takardar da ma'aikatan gwamnati ke nunawa a gidan likita a ba su magani.

Magatakarda ya ce, "Malam, sai da wani naka a nan kusa, wanda za a kira in ciwo ya yi tsanani. In babu, sai takarda ta je Yamai ta dawo."

Na ce, "Ba ni da kowa."

Sai wata tsohuwa da ke zaune a bakin ƙofa ta miƙe. Ban taɓa ganinta ba!

Ta ce, "Rubuta Hajo, daga Barmu. Ɗana ne."

Ta dangwala yatsa a tawada, ta danna a takarda. Magatakarda ya buga hatimi. Nan take!

Na ce, "Inna, don mi?"

Ta ce, "Nawa yana Abijan. Wataƙila shi ma an tambaye shi."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Ga ni kwance ni kaɗai a ɗaki, na sha magani, ina ta kallon sawun yatsanta a takarda.