Bokitin Carmelo

Duk wanda ya ƙara kiran Carmelo Zammit taɓaɓɓe a gabana, to ya shirya jin abin da uwarsa ba ta taɓa faɗa masa ba. Mijin yayata Doris ne, Allah ya jiƙanta, kuma ni kaɗai nake da ikon zaginsa.

Mutumin nan tun yana saurayi yake saran rake a gonakin Tully, har ya mallaki 'yar gonar ayaba a gindin gandun daji, inda in ka hau tudu kana hango teku da tsibiranta. Shekarar da mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku, ayabar ta kwanta ƙaf, dajin ma ya koma kamar an yi masa aski da kwalba. Ba a jima ba Doris ta rasu. Kowa ya ce ya sayar ya huta. Bai sayar ba, bai kuma sake dasa ayaba ba. Sai muka fara ganinsa da sassafe yana bin hanyar ƙafa ta cikin gandun, riƙe da bokiti.

Kashin kasowari yake ɗebowa. E, kashi. Jiminar dajin nan tamu mai shuɗin wuya da ƙaho a ka, wadda take haɗiye 'ya'yan itace ɗungurungum ta fitar da ƙwallayen. Carmelo ya ce ƙwallon da ya bi ta cikinta ya fi saurin tsiro. Ya nemi izinin ma'aikatan gandun, suka ba shi. Ya wanke, ya shuka a leda, in tsiron ya kai gwiwa ya dasa inda ayaba take a da. Yana so ne tsuntsayen su samu abin ci a nan, su daina fitowa titi motoci suna bige su. Amma matan da ko albasa ba su taɓa dasawa ba suka riƙa toshe hanci in ya shigo kanti. Ni nake aiki a kantin, na gani da idona, na kuma ba kowacce amsa daidai da ita.

Bara da damina santsi ya kwashe shi a bakin rafi, ƙugunsa ya karye. Ya daɗe a kwance kafin wasu masu yawon daji su tsince shi, matsattsaku sun cika masa ƙafafu. Da asibiti suka sallame shi, ɗansa Warren ya taso daga Brisbane da maganarsa a shirye: ya kama masa ɗaki a gidan tsofaffi, kusa da inda yake zaune.

Muna baranda muna shan shayi ya fasa ƙwan.

"Baba, ba zan zauna ina jiran a bugo a ce an tsinci gawarka a daji ba. Can ma akwai lambu, har da kujeru a inuwa."

"Kujeru," in ji Carmelo. Ya juya yana kallon jerin ledojinsa.

Sai na karɓe. "Kai Warren, ni na goya ka, saboda haka buɗe kunnenka. Ka kai shi can ya zauna kallon bango, kafin Kirsimeti kana neman masu haƙa kabari."

"Inna Rhonda, faɗa a baki ba wuya. Ke za ki bi shi dajin? Ke da ko shanya ba kya fita sai kin yi wanka da maganin sauro?"

Ɗan banza, ya san inda zai taɓa. A nan aka haife ni, amma ban taɓa ganin dalilin da mai hankali zai bar fanka ya shiga inda igiyar ƙaya take fizgar riga, kada yana kwance a rafi ba.

Warren ya ce, "Sharaɗina ɗaya ne, kada ya ƙara shiga shi kaɗai. In babu mai raka shi, ya haɗa kayansa."

Carmelo ya dube ni ta wutsiyar ido. "Rabu da ita, yaro. Wannan in ta shiga daji, bakinta kaɗai sai ya kori tsuntsayen har tsibiri."

"Ka ji min tsohon banza! Yaushe kake fita?"

Warren ya koma shi kaɗai, amma bai saki ɗakin ba. Ya ce zai dawo da Kirsimeti ya gani da idonsa.

Da ƙafar ta fara ɗaukarsa muka shiga. Shi da sanda, ni da bokiti, tunda hannunsa bai isa biyu ba. Gumi har cikin takalmi. Ina tafe ina tsine wa duk sauron da ya taɓa ni, yana tafe yana nuna min sawu mai yatsu uku a cikin taɓo kamar wanda ya ga zinariya. Ranar da nake aiki kuwa, maƙwabcinsa Harjit Gill ke raka shi, don na je har gida na tsaya masa a ka sai da ya yarda.

Wata safiya muna gangarawa wajen da hanyar take ɓullewa bakin teku, Carmelo ya damƙe hannuna.

"Rufe bakin nan, uwar 'yan faɗa. Ja baya a hankali, ki sa bishiya tsakaninku."

Ga kasowari nan tsaye, ya kusa tsayina, da 'yan tsaki masu zane-zane suna bin ƙafafunsa. Ya kalle mu kallon raini, ya wuce da iyalinsa.

Na ce da raɗa, "Ina uwar?"

"Ta yi ƙwai ta kama gabanta. Uban ne mai kwanci, shi ne mai reno."

"Ashe dai akwai inda aka san adalci a duniyar nan."

Da Kirsimeti Warren ya zo kamar yadda ya ce. Na ce ba a baranda zai yanke hukunci ba, ya taso mu je. Ya biyo mu da farin takalminsa na 'yan birni, yana ta miƙa hannu zai tallafi uban, uban yana ture hannun. Ba mu yi nisa ba ya taka wani tulin kashin kasowari, caɓal.

"Kai! Kada ka goge!" in ji Carmelo. "Cire ka miƙo. Rhonda, bokiti!"

Warren ya tsaya da ƙafa ɗaya, dafe da bishiya, yana kallon ubansa ya durƙusa da kansa, ba mai riƙe shi, yana kankare ƙwallaye daga ƙasan takalmin da tsinke. Warren ya yi dariya har da hawaye. Da muka fito inda waya take kamawa, ya kira gidan tsofaffin ya ce su ba wani ɗakin.