Ruwan da Na Ba Ɓarayin Motar Alhaji

Maigidana direba ne. Wani Alhaji yake tuƙawa, babban ma'aikacin gwamnati a Kinkinau, mu kuwa ɗaki ɗaya muke haya a Rafin Guza. Ranar Juma'a Alhaji kan tashi aiki da wuri, sai maigida ya kawo motar ƙofar gida, ya yi wanka, ya taka zuwa masallaci.

Motar nan tana da jiniyar tsaron ɓarayi, amma ba ta bambance ɓarawo da akuya. Ɗan acaɓa ya gifta kusa, ihu. Ƙwallon yara ta taɓa ta, ihu. Ni dai na tsane ta.

Wannan Juma'ar 'yata tana fitar da haƙori, kwana biyu jikinta kamar garwashi. Da ƙyar barci ya ɗauke ta, sai jiniya ta fara. Na toshe mata kunne da tafin hannuna ina ta salati. Can sai na ji ɗif, kamar an shaƙe jiniyar.

Na zura hijabi na leƙa. Mutum biyu ne, sun ɗaga bonet. Ɗaya rigarsa duk baƙin mai, babban yatsansa ba farce. Ya yi min sallama da ladabi, ya ce Alhaji ne ya turo su, za su kai ta gareji a Kawo a gyara kukan nan.

Wallahi daɗi na ji. Na koma na ɗebo musu ruwan randa a kofin da muke ba baƙi. Na ce Allah ya saka musu da alheri. Suka tambayi yaushe maigida zai dawo, na ce ai shi sai ya gama gaishe-gaishe. Ban tsaya na yi tunanin me maza masu sallama suke yi a lungu ana tsakiyar huɗuba ba. Ina tsaye suka ja motar.

Da maigida ya dawo ya ga fili, sai ya zauna a bakin kwata. Ya tambaye ni, na ce ina ɗaki da yarinya. Alhaji kuwa da ya ji labari, ya ce ba yadda za a yi jiniya ta yi shiru sai da hannun na gida. Ya ba shi zuwa gobe ya faɗi gaskiya, ko ya haɗa shi da hukuma.

Da safe na ga yana ninke kayansa yana gaya min inda zan kai yarinya idan bai dawo ba. A nan na faɗa masa. Takalmina kawai ya miƙo min.

A falon Alhaji na durƙusa na zayyana komai, har yatsan.

"Yarinya, ruwa kika ba su?"

"E, ranka ya daɗe."

"Har da addu'a?"

Na kasa ɗaga kai. Hajiya matarsa ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Alhaji ya ce ko ɓarawo ba zai iya ƙirƙirar wannan wauta ba, maigida ya dawo aiki ranar Litinin.

Motar dai ba a same ta ba. A hanya maigida ya karɓi yarinyar ya saɓa, yana gaba ina baya, har gida bai waiwayo ba.